Sabuwar Dokar Haraji da Kuɗin Ikilisiya: Jagora Ga Ma'aji da Dattawa

A watannin ƙarshe na 2025, da wuya a tashi daga sujada ranar Lahadi wani bai tare ni a bakin ƙofa ba. "Baba Ma'aji, da gaske ne daga Janairu gwamnati za ta fara cire haraji a baiko?" Wata daga cikin shugabannin zumuntar mata har cewa ta yi gara su kwashe kuɗinsu daga banki su koma ajiya a akwati, kamar yadda iyayenmu suka yi. Na ce mata, "Mama, akwatin ya fi harajin haɗari."

Amsar tambayar gajeriya ce: babu haraji a kan baiko, babu a kan zakka, babu a kan baikon godiya. Amma wanda ya tsaya a nan ya koma gida da kwanciyar hankali, ya ji rabin magana ne kawai. Na yi shekaru ina riƙe da littafin kuɗin ikilisiya, kuma abin da na lura shi ne haraji ba ya bin farantin baiko ko kaɗan. Yana jiran kuɗin ne a gaba: a banki lokacin da kuɗin ruwa ya faɗo, a shagunan da aka gina jikin katangar coci, a takardar albashin fasto, da ranar da za a biya ɗan kwangila. Su ne wuraren da za mu bi ɗaya bayan ɗaya.

Abin da ya canja, a taƙaice

Ranar 26 ga Yuni 2025 Shugaba Bola Tinubu ya sa hannu a kan dokoki huɗu na haraji, waɗanda suka fito daga aikin kwamitin da Taiwo Oyedele ya jagoranta. Biyu daga cikinsu, dokar harajin kanta da ta gudanar da haraji, sun fara aiki ranar 1 ga Janairu 2026. An tattara tsoffin dokokin harajin kamfanoni, harajin albashi, harajin ribar sayar da kadara da na VAT (harajin da ake ɗorawa a kan kayan da aka saya) a wuri guda, hukumar tara haraji ta tarayya, FIRS, kuma ta koma NRS.

Ka'idar da ta shafi wuraren ibada ba sabuwa ba ce. Tun a tsohuwar dokar harajin kamfanoni, sashe na 23 ya yafe wa ƙungiyar addini ko ta agaji haraji a kan abin da ta samu, da sharaɗi ɗaya: kada kuɗin ya fito daga kasuwanci ko sana'ar da ƙungiyar ke yi. Sabuwar doka ta riƙe wannan sharaɗin. Oyedele ma ya sha faɗa a bainar jama'a cewa coci da masallaci ba sa biyan haraji sai idan sun shiga kasuwanci, amma wanda ke karɓar albashi daga wurin ibada, ma'aikaci ne kamar kowa. Abin da ya fi canjawa shi ne idon hukuma. Yanzu lambar haraji tana haɗe da rajistar CAC, wato hukumar rajistar kamfanoni da ƙungiyoyi, bankuna suna kai rahoton asusun da kuɗi masu yawa ke wucewa, tarar rashin bin doka kuma ta yi nauyi.

Mataki na 1: Ku san da sunan wa ikilisiyarku take tsaye a gaban doka

Da yawa daga cikin ma'ajinmu ba su taɓa ganin takardar rajistar cocinsu ba. Ku nemo ta. A ƙarƙashin dokar kamfanoni ta 2020, wadda ake kira CAMA, coci-coci suna yin rajista ne a matsayin amintattu a hukumar CAC. Idan kuna ƙarƙashin babbar ɗarika irin ECWA, COCIN, EYN ko HEKAN, rajistar tana hannun hedkwata, ikilisiyarku kuma reshe ce. To sai ku rubuta wa ofishin gunduma ku tambaya a rubuce: da wace lambar haraji muke aiki, wa ke kai bayanan shekara, kuma me ake buƙata daga gare mu? Kada ku ɗauka "hedkwata tana yi". Hedkwata a Jos ba ta san kun gina shaguna shida a bara ba sai kun faɗa mata.

Idan kuwa cocinku mai cin gashin kanta ce, nauyin duka yana wuyanku: lambar haraji ta ikilisiya, bayanan shekara ga CAC, da bayanan shekara ga hukumar haraji. Nan ne mutane suke yawan faɗawa rami. An yafe muku biya, amma ba a yafe muku kai lissafi ba. Wa'adin shi ne watanni shida bayan rufe shekarar kuɗi, wato wanda ke rufe littafi ranar 31 ga Disamba yana da zuwa 30 ga Yuni. Sabuwar doka ta sa tarar naira 100,000 a watan farko na jinkiri, da naira 50,000 a kowane watan da ya biyo baya. Ƙaramar ikilisiyar ƙauye za ta iya rasa baikon wata uku a kan takardar da ba a ce ta biya ko sisi a cikinta ba.

Mataki na 2: Ku raba kuɗin bisa ga inda ya fito

Wannan shi ne ginshiƙin aikin gaba ɗaya, don haka zan daɗe a kansa.

Yawancin littattafanmu na shige da fice suna da gida biyu ne kawai, abin da ya shigo da abin da ya fita. Baiko, hayar shago, kuɗin makaranta, kuɗin ruwan banki, duk a layi ɗaya. Ma'aikacin haraji idan ya buɗe irin wannan littafi, ba aikinsa ba ne ya tsince muku wake daga tsakuwa. Abin da ba ku iya nuna cewa kyauta ce ba, yana da damar ya lissafa shi cikin kuɗin kasuwanci, ku kuma ku zo kuna kare kanku. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Ku ɗauki littafin bara, ku zauna da magatakarda da dattijo ɗaya, ku zuba kowace shigowa cikin ɗaya daga gidaje uku.

Gida na farko, abin da aka ba ku kyauta: baiko, zakka, godiya, baikon kaka, alkawarin gini, gudummawar abokan tarayya na gida da waje, da gadon da wani ya bar wa ikilisiya. Babu haraji a nan.

Gida na biyu, abin da dukiyarku ta haifa kuna zaune: kuɗin ruwan ajiya, kuɗin ruwan takardun bashin da aka ba gwamnati, rabon ribar hannun jari, da haya.

Gida na uku, abin da kuka sayar ko kuka yi wa jama'a aiki suka biya: masauƙin baƙi, zauren biki, ruwan leda, kantin littattafai, gona, injin niƙa, motar haya, makaranta ko asibitin da ke karɓar kuɗi.

Akwai abubuwan da ke tsakiya, kuma a nan hankali ke aiki. Buhunan masara da dawa da mambobi suka kawo ranar godiyar kaka, aka yi gwanjonsu a harabar coci, kyauta ce aka mayar kuɗi. Amma idan kwamiti ya ɗauki kuɗin asusu ya sayi hatsi da kaka, ya ɓoye, ya fitar da bazara don ya ci riba, wannan fatauci ne, ko da an buɗe taron kwamitin da addu'a. Haka zauren coci: ɗan ikilisiya ya yi liyafar aurensa ya ba da abin da ya sawwaƙa, daban yake da zauren da ke da farashi a rubuce, ana haya ga duk wanda ya zo kowace Asabar.

Hujjar da na fi ji a bakin dattawa ita ce, "Ai ribar ma aikin Allah muke yi da ita." Gaskiya ne, amma doka ba inda kuɗin ya tafi kaɗai take dubawa ba, tana duba inda ya fito. Ribar ruwan leda da aka biya wa marayu kuɗin makaranta da ita, har yanzu ribar ruwan leda ce.

Bayan rabon, ku buɗe wa kowane gida asusunsa a banki. Kuma ina roƙonku, ku daina karɓar kuɗin ikilisiya ta asusun fasto ko na ma'aji. Na san yadda abin ke farawa: ranar taron tara kuɗi na'urar POS ta ƙi aiki, sai wani ya ce a tura ta asusunsa kawai. Gobe idan aka tambaye shi inda ya samu miliyan uku a rana ɗaya, shi kaɗai zai tsaya yana rantsuwa.

Mataki na 3: Ku sake lissafin jarinku da abin da zai shigo hannu

Nan ne canjin haraji ya fi yi wa coci ɓarna ba tare da an ji ƙara ba, domin ba wanda ke aiko muku da takardar biya. Ana yanke harajin ne tun daga tushe, kafin kuɗin ya iso.

Ga tarihin a gajarce. A 2011 gwamnatin tarayya ta ba da umarnin yafe haraji na shekara goma a kan kuɗin ruwan takardun lamuni da takardun baitulmali masu gajeren zango. Wa'adin ya ƙare a farkon Janairu 2022. Abin da ya rage cikin yafiyar shi ne takardun lamunin gwamnatin tarayya masu dogon zango, waɗanda ake kira FGN Bond. Sannan a Oktoba 2025 hukumar haraji ta umarci bankuna da dillalai su riƙa cire kashi 10 cikin 100 daga kuɗin ruwan takardu masu gajeren zango. Ajiyar ƙayyadadden lokaci a banki da rabon ribar hannun jari kuwa, dama kashi 10 ake cirewa. Tun a 2021 hukumar ta fitar da takardar bayani ga ƙungiyoyin da ba na neman riba ba, inda ta nuna cewa abin da jari ya haifa ba ya cikin yafiyar da ake yi wa kyauta.

Mu ɗauki misali, alƙaluman nawa ne don a ga yadda lissafin ke tafiya. A ce asusun gini yana da naira miliyan 20. Banki ya ce zai saya muku takardar baitulmali mai ba da kashi 18 a shekara. A takarda, miliyan 3.6 ke nan. A cire kashi 10, wato 360,000, sai ya rage miliyan 3.24. Ashe kashi 16.2 kuka samu, ba 18 ba. A gefe guda kuma ga takardar lamunin tarayya mai ba da kashi 17 wadda ba a cire mata komai: miliyan 3.4. Wadda ta fi ƙanƙanta a ido ita ta fi kawo kuɗi, da bambancin naira 160,000.

Amma kada a ruga. Takardar dogon zango tana ɗaure kuɗi na shekaru, kuma idan kuka sayar kafin lokaci farashinta na iya faɗuwa. Kuɗin da za a sayi kwanon rufi da shi bayan damina, ba a kai shi can. Saboda haka ku raba jarin gida biyu: wanda za a buƙata cikin shekara guda ya zauna a gajeren zango ko da ana yanke masa, wanda ba za a taɓa ba, irin asusun tallafin fastoci masu ritaya ko na gwauraye, shi ya cancanci dogon zango.

Abu uku za ku yi da hannunku. Ku nemi banki ya ba ku bayanin asusu na shekara da ke nuna kuɗin ruwa kafin cirewa da abin da aka cire. Ku nemi shaidar cewa an kai abin da aka cire ɗin ga hukuma da lambar harajin ikilisiya. Sannan a kasafin baɗi, ku rubuta abin da zai shigo hannu, ba abin da aka yi alkawari a baki ba. Ni kaina na taɓa faɗawa wannan ramin. Na tsaya a gaban taron ikilisiya na karanta kuɗin ruwan da wani banki ya yi mana alkawari, aka tafa, aka raba shi a kasafi har da gyaran motar bishara. Da kuɗin ya faɗo ya gaza da kashi ɗaya cikin goma, kuma ma'aikacin da ya kawo mana takardar bai taɓa ambata cirewar ba. Na sha tambayoyi a taron gaba, kuma wasu kallon da aka yi mini ban manta ba har yau.

Kada kuma haraji ya ɗauke muku hankali daga babban ɓarawo. A Disamba 2024 hauhawar farashi ta kai kashi 34.8 bisa alƙaluman Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa. Kuɗin da ya samu kashi 16 a irin wannan shekara, buhunan simintin da zai iya saya raguwa suka yi. Wani lokaci shawarar da ta fi ita ce a sayi rodi da bulo yanzu, a bar maganar kuɗin ruwa.

Game da haya: idan mai hayar shagonku kamfani ne, irin banki ko kamfanin sadarwar da ya kafa ƙarfensa a filin coci, zai cire kashi 10 kafin ya biya. Hakkinku ne ya ba ku shaidar cirewar. Ku ajiye ta, domin ita za a rage daga duk abin da hukuma ta lissafa muku a kan hayar.

Idan kuma za a sayar da fili ko hannun jari, ku dakata ku duba a wane gida kadarar take. Filin da aka ba ikilisiya don ibada, aka sayar aka zuba kuɗin a aikin ikilisiya, yana cikin yafiya. Kadarar kasuwanci ba ta ciki. A da harajin ribar sayar da kadara kashi 10 ne. Yanzu ga kamfanin da ya wuce matsayin ƙarami, ana lissafa ribar ne da ma'aunin harajin kamfanoni, kashi 30. Ninki uku ke nan, kuma ya isa ya sa a sake tunani kafin a sa hannu a takardar ciniki.

Mataki na 4: Ku ba kasuwancin coci gidansa

Idan gida na uku ya girma, ku yi masa rajistar kamfani daban, da asusunsa, da littafinsa, da ma'aikatansa. Ba sabon abu ba ne a wurinmu. ECWA ta daɗe tana tafiyar da kantunan Challenge a ƙarƙashin kamfaninta na buga littattafai. Amfanin raba su biyu ne. Na farko, baiko ba zai gauraya da ciniki ba. Na biyu, doka ta yafe wa ƙananan kamfanoni harajin riba da sabon harajin raya ƙasa na kashi 4, kuma yawancin sana'o'in ikilisiyoyinmu ƙanana ne. Wato sau da yawa bin doka ba zai ci muku komai ba sai kuɗin akanta.

Makaranta tana buƙatar kulawa ta musamman. Dokar Kuɗi ta 2021 ta cire harkar ilimi daga jerin abubuwan da aka yafe wa harajin kamfanoni, daga Janairu 2022, kuma makarantun mishan da yawa ba su ji labari ba sai da takarda ta iso. Wannan ya isa ya koya mana cewa matsayin makaranta abu ne da majalisa ke iya juyawa da layi ɗaya. Abin da zai kare ku a kowane hali shi ne littafi mai tsabta da ke nuna kuɗin makarantar da aka karɓa, abin da aka kashe, yaran da aka yafe wa biya, da shaidar cewa ba wanda ya raba rarar ya sa aljihu.

VAT yana nan a kashi 7.5, inda yake tun Fabrairu 2020. Coci tana biyansa idan ta sayi fenti, janareta ko kayan kiɗa kamar kowa. Ku sa shi a kasafin gini tun farko.

Mataki na 5: Ikilisiya mai karɓa wa gwamnati haraji ce, ko ta so ko ta ƙi

Wannan shi ne ɓangaren da ke jawo wa coci-coci tara fiye da kowane.

Albashin fasto, mai bishara, magatakarda, maigadi da direba yana ƙarƙashin harajin albashi, wanda ake kira PAYE, kuma hukumar haraji ta jiha ake kai wa. Sabon ma'auni shi ne: naira 800,000 na farko a shekara babu haraji, miliyan 2.2 na gaba kashi 15, miliyan 9 na gaba kashi 18, yana hawa har zuwa kashi 25 ga abin da ya haura miliyan 50. Wanda ke karɓar mafi ƙarancin albashi na ƙasa, naira 70,000, ba ya biya. An soke tsohon rangwamen da ake yi wa kowa, an kawo rangwamen haya: kashi 20 na hayar da mutum ya biya a shekara, amma ba zai wuce naira 500,000 ba.

A ce fasto yana karɓar naira 150,000 a wata, miliyan 1.8 a shekara. An cire masa fansho 144,000. Yana biyan haya 400,000, rangwamensa 80,000. Abin da ya rage 1,576,000. A fitar da 800,000, saura 776,000, kashi 15 ɗinsa 116,400 a shekara, wato 9,700 a wata. A tsohon tsari wannan faston zai biya kusan 133,700. Ya samu sauƙi, kuma yana da kyau ku nuna masa lissafin da kanku kafin ya ji jita-jita a waje. Wanda ke zaune a gidan coci ba shi da rangwamen haya, tunda ba ya biya, kuma gidan da motar da aka ba shi ana lissafa su cikin amfanin da yake samu daga aiki. Sauya wa albashi suna zuwa "alawus" ko "tallafi" ba ya fitar da shi daga lissafi idan ana biyansa kowane wata.

Ana kai PAYE kafin ranar 10 ga watan da ya biyo baya, bayanan shekara na ma'aikata kuma kafin 31 ga Janairu.

Sai 'yan kwangila. Ƙa'idojin da suka fara aiki ranar 1 ga Janairu 2025 sun sa kashi 2 a kan aikin gini da kawo kaya, kashi 5 a kan aikin ƙwararru irin lauya, akanta da mai zanen gini, kashi 10 a kan haya. Idan kun ba da kwangilar miliyan 10, za ku riƙe 200,000 ku kai wa hukuma da sunan ɗan kwangilar, ku ba shi shaida. Kamfani ne, tarayya ake kai wa. Mutum ne shi kaɗai, jiha. Idan ba ku cire ba, akwai tarar kashi 40 na abin da ya kamata ku cire. Ku faɗa wa ɗan kwangila wannan tun ranar da ake ciniki, a rubuta a yarjejeniya, musamman idan ɗan ikilisiya ne. Rigimar da ta fi ɗaci ita ce wadda za ku zauna benci ɗaya da mai ita ranar Lahadi.

Mataki na 6: Ku duba aljihun masu bayarwa

Haraji yana taɓa baiko ta bayan gida. A Najeriya mutum ba ya samun rangwamen haraji don ya ba da zakka ko baiko, don haka abin da ke motsa farantin shi ne abin da ya rage a hannun mutane. Ikilisiyar da yawancin mambobinta malaman makaranta ne da ƙananan ma'aikata, sabon ma'auni ya ɗan sassauta musu. Wadda ta dogara da mutum uku ko huɗu masu manyan albashi, su harajinsu ƙaruwa ya yi. Ku duba littafi ku ga kashi nawa na kuɗin gini ya fito daga gidaje biyar na sama. Idan ya kai rabi, kasafinku yana tsaye ne da ƙafa ɗaya.

Kamfani kuwa yana iya samun rangwame a kan gudummawa, amma da iyaka ta kashi 10 na ribarsa, kuma sai ga ƙungiyoyin da doka ta amince da su. A tsohon jerin akwai sunaye irin Boys' Brigade da Red Cross. Idan ɗan ikilisiya mai kamfani ya ce zai gina muku ɗakin shan magani, ku sa akantansa ya tabbatar da matsayin wanda zai karɓi kuɗin kafin a tura, kuma ku ba da rasit mai hatimi.

Akwai kuma naira 50 da ake cirewa a kan tura kuɗi daga 10,000 zuwa sama. A da mai karɓa ake cire wa, daga 2026 mai turawa ne ke biya. Ƙaramin abu ne, amma ya juya: baikon da ke shigowa ya huta, biyan da kuke yi ya ɗauka.

Masu samun tallafi daga waje, irin yadda EYN ke da daɗaɗɗiyar tarayya da Church of the Brethren a Amurka, su sani cewa canjin haraji a can yana iso mu. Misalin Ingila ya isa. A can idan mai biyan haraji ya ba coci fam ɗaya, cocin na karɓo ƙari daga gwamnati ta tsarin Gift Aid. A 2008 aka rage harajin albashi daga kashi 22 zuwa 20. Jama'a suka yi murna, amma ƙarin da coci ke samu ya sauka daga kusan peni 28 zuwa 25 a kan kowane fam, sai da gwamnati ta cike gurbin na shekara uku zuwa 2011. Ba wanda ya rage bayarwa, amma kuɗin ya ragu. Idan abokan tarayyarku suka ce baɗi za su rage tallafi, ba lallai zuciyarsu ce ta yi sanyi ba. Ku riƙa tambayarsu tun watan Satumba abin da suke hasashe, kuma kowace shigowa daga waje ta zo da wasiƙar da ke cewa kyauta ce, da aikin da aka ba da ita dominsa.

Mataki na 7: Takardu, da ranar da wasiƙa ta iso

Ba a fafe gora ranar tafiya. Ku tanadi fayil guda mai ɗauke da takardar rajista, tsarin mulkin ikilisiya, lambar haraji, bayanan banki, takardun ƙirgar baiko masu sa hannun mutum biyu, takardun albashi, shaidun abin da aka cire muku da abin da kuka cire wa wasu, yarjejeniyoyin haya, da rahoton taron da aka amince da kowane jari. Doka tana so a ajiye su aƙalla shekara shida. Ku ɗauki hotonsu ku adana a wani wuri dabam, domin mu da muke zaune inda coci ke iya ƙonewa a dare ɗaya mun san darajar kwafi na biyu. Idan ma'aji ya sauka, fayil ɗin ya miƙa da hannunsa a gaban dattawa, ba ya tafi da shi gida ba.

Idan wasiƙar ƙiyasin haraji ta iso, kada a sa ta a aljihun tebur a ce za a yi addu'a a kai kawai, kada kuma a ba wanda ya kawo ta "na goro". Ku rubuta ranar da kuka karɓa a jikinta. Ku duba daga wace hukuma ta fito, tarayya ko jiha, da wane irin haraji take nema, da na wace shekara. Kuna da kwana 30 ku rubuta ƙin amincewa, kuna faɗin dalilanku, kuna haɗawa da kwafin takardu. Idan kwanakin suka wuce ba ku ce komai ba, ƙiyasin ya zauna, ko da kuskure ne. Idan hukuma ta ƙi sauraronku, akwai kotun ɗaukaka ƙarar haraji, sabuwar doka kuma ta kafa ofishin sauraron koke-koken masu biyan haraji. Ku sanar da ofishin gunduma a ranar, ku nemi akantan da ya san harkar haraji ya duba amsar kafin ta fita, kuma wanda ya kai ta ya dawo da kwafi mai hatimin karɓa da kwanan wata.